Bunsurun Kaka da Shugaban Alƙalai

Ko da zan manta sunayen duk malaman da suka koyar da ni, ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na zagi dattijo mai furfura a gaban zaure cike da jama'a ba. Ni fa, wadda ko gaisuwa na yi sai an matso da kunne. Abin haushin ma, bakina a rufe yake lokacin da na yi zagin.

A makarantarmu ta 'yan mata da ke Birnin Kebbi, in ka tambayi 'yan ajinmu wace ce ni, sai sun ɗan yi tunani kafin su ce, "Au, mai zama kusa da taga?" Iyakar tarihina ke nan. Ba na ɗaga hannu ko da na san amsa. Amma ina gani. Na san malamin lissafi yana taɓa aljihun rigarsa sau biyu kafin ya ce a fito da takardar gwaji. Na san firinsifal ɗinmu in ranta ya ɓaci ba ta ɗaga murya, tabarau take cirewa ta goge shi da gefen mayafi. (Ilimi ne mai yawa, sai dai ba a tambayarsa a jarrabawa.)

Na shiga kulob ɗin kwamfuta ne don na ji an ce can ba a cika magana ba. Mai kula da shi Malama Rifkatu ce, 'yar Filato, aikin mijinta ya kawo su garinmu. Tana ƙarin karatu a jami'a, kuma ita da wasu abokan karatunta suna haɗa wata manhaja ta waya da suke so wanda bai san komai game da kwamfuta ba ya iya koya wa waya aiki da kansa. Mu ne 'yan gwajinta.

"Ku manta da rubuta wa na'ura umarni," in ji ta ranar farko. "Uwarki da za ta koya miki tuƙa tuwo, takarda ta ba ki? Nuna miki ta yi. To ita ma wannan nuna mata ake yi."

Manhajar maɓalli biyu gare ta, manya-manya. In kin saita wayar ga wani abu kin danna koren, kin ce mata ke nan, "Ga abin da nake nufi." Sai ta riƙe abin da idonta ya gani, da abin da kunnenta ya ji, da hasken wurin. In kin danna farin, kin ce mata, "Wannan ba shi ba ne, yi shiru." Daga nan sai ki nuna mata abin da za ta yi duk sanda ta sake ganin abin: ta kunna fitila, ko ta aika saƙo, ko ta saki wata murya da kika naɗa. Shi ke nan. Ƙawata Balkisu, wadda bakinta ba ya hutawa sai in tana cin abinci, ta koya wa tata ta ce "A kashe fanka" duk sanda aji ya zama babu kowa. Sati guda tana ba da labarin nan.

Ni kuwa sa'ar kulob ɗin nan ta ranar Alhamis ita ce kaɗai a cikin mako da kallona yake da amfani. A nan ne aka taɓa cewa, "Kai, ya aka yi kika lura da wannan?" maimakon "Ke ba kya magana ne?"

Sai ga firinsifal ta leƙo wata Alhamis dab da hutun zango na biyu. Ta tsaya bakin ƙofa, ta dube mu kowa ta duƙufa kan waya, ta cire tabarau. Na ce a raina, shi ke nan.

"Malama Rifkatu, ni ban ga abin da yaran nan suke yi ba ban da latse-latse," in ji ta. "Akwai baje kolin ƙirƙire-ƙirƙire na makarantu in an dawo hutu. In kun kawo mini wani abu daga can, to. In ba haka ba, sa'ar nan ta koma ƙarin darasin lissafi, wayoyin kuma su koma sito."

Da ta tafi, Malama ta raba mana wayoyin kulob guda uku, ta ce kowa ta je gida ta nemo matsala ta gaske, ba ta littafi ba. Ɗaya ta faɗo hannuna. Na naɗe ta cikin safa biyu na sa a ƙasan jaka.

Mu a unguwar Badariya muke zaune cikin Birnin Kebbi, amma kowane hutu Argungu ake kai ni wajen Kaka, mahaifiyar babana. Sana'arta gumi: ta jiƙa shinkafa da ɓawonta, ta turara ta a katuwar tukunya, ta baza a tamfol ta sha rana, sannan a kai inji. Lokacin an girbe shinkafar rani, bayan gidan duk shanya ce, ƙamshin turaren shinkafa har cikin tufafinka. Matsalar Kaka ɗaya ce a duniya, kuma ƙafa huɗu gare ta. Wani farin bunsuru ne nata, mai dogon gemu da idon marasa kunya. Da ta juya baya wajen murhu sai ya hau tamfol. Ba cin ne ya fi ɓata mata rai ba, abin da yake bari a kai in ya gama. Ga gwiwoyinta sun fara ciwo, kafin ta miƙe ya yi abin da ya kawo shi.

"Kaka, me ya sa ba za ki ɗaure shi ba?" na tambaye ta.

"Igiya nawa kika so shi cinye? Wanga ba dabba ba na, jarrabawa ta."

Abu ɗaya yake tsoro, muryarta. In ta kwarara masa zagi daga bakin murhu, sai ka ga ya yi tsalle kamar an watsa masa ruwan zafi. Nan na ce na sami matsalata.

Na ɗaure wayar da tsumman zane a jikin sandar rumfa, idonta na kallon tamfol, na rataya mata ƙaramar sifika. Kwana uku ina koya mata. Bunsuru ya hau shinkafa, in danna kore. Ya sauka, tamfol ya zama babu kowa, in danna fari. Malama ta ce mu nuna misalai iri-iri, ni kuwa na bi umarni sosai: bunsuru daga dama, bunsuru daga hagu, bunsuru ya ba da baya, bunsuru cikin rana, bunsuru cikin inuwa. Har na lura kunnensa na hagu yana da ɗan tsagi, na matso da wayar don ta gani.

Amma duk wannan da tsakar rana nake yi, bayan azahar, lokacin da zafi ya kora kowa ɗaki. Dalili? Kada wani ya gan ni ya tambaye ni me nake yi. Sau ɗaya tunani ya zo mini cewa ya kamata in sa mutum ma ya tsaya kan shinkafar in danna fari. Har wata maƙwabciya ta shigo aron rariya, na buɗe baki zan roƙe ta. Abin da ya fito shi ne, "Ina wuni." Ta amsa, ta ɗauki rariya, ta tafi. Na ce wa kaina ai ba komai, waya mai wayo irin wannan za ta rasa bambance mutum da bunsuru?

Saura murya. Na fara naɗar tawa ta kullum: "Kai, tafi mana." Da wayar ta faɗa masa haka, bunsurun ya ɗago ya kalli sifikar, ya ci gaba da tauna, har kamar ya ƙara jin daɗin abincin. In roƙi Kaka ta naɗa mini kuwa, na san kafin la'asar duk matan unguwa sun taru kallon 'yar boko da wayarta mai kiwon awaki. Don haka washegari da hantsi na bi ta bayan gonakin albasa har kusa da gulbi. Na duba dama, na duba hagu. Babu kowa sai wani masunci can nesa cikin kwalekwale yana gyaran komarsa ta kamun kifi. Na cika ƙirjina da iska, na aro muryar Kaka da kalmominta kaf, na saki.

Wallahi ban san akwai irin wannan murya a cikina ba. Tsuntsaye suka tashi daga cikin ciyawa. Masuncin ya juyo. (Na duƙa kamar ina gyara takalmi.) Kuma in faɗi gaskiya, daɗi na ji. Sau huɗu na yi, na zaɓi wadda ta fi ƙarfi.

Ta yi aiki kuwa. Bunsuru na sa baki, sifika ta ɗauka, shi kuma ya tsallake katanga. Na ɗauki bidiyonsa daga nesa da tawa ƙaramar wayar, iska na kaɗawa ba a jin kalmomin sosai, na yi sauri na kashe ta kulob kafin kowa ya fito. Kaka ta leƙo daga ɗaki tana ɗaura kallabi.

"Wace marar kunya ta ka kwaikwayona cikin unguwar ga?"

Na ce ban ji komai ba.

Da aka koma makaranta Malama ta kalli bidiyon sau uku tana dariya, ta ce wannan za mu kai. Ta tambaye ni me muryar take cewa. Na ce korar dabba ce kawai. Aka tsara Balkisu za ta yi bayani, ni in kunna waya, wanda ya yi mini daidai. A kwalin da muka rubuta da manyan baƙaƙe muka sa: KOWA ZAI IYA KOYA MATA.

Ranar Asabar ɗin baje kolin Kaka ta iso daga Argungu da rabin buhun gumi, da bunsurun a bayan mota, da ita kanta cikin sabon lulluɓi. Babana ya ce ta bari direba ya kawo, ta ce shinkafarta ba ta zuwa Birni ba ita. Zauren ya cika da makarantu, kowace da teburinta: masu famfon hasken rana, masu sabulu, masu wata mota ta kwali da ta ƙi tafiya. Muka baza shinkafa a ƙaramin tamfol gaban teburinmu, muka ɗaure wayar a ƙafar kujera da muka kifa a kan tebur. Ban kunna ta ba, na ce ina tattalin caji. Kaka ta tsaya a ƙofar gefe riƙe da igiyar bunsuru, ba za ta sake shi ba sai Balkisu ta ba ta alama. Saboda hayaniya, Malama ta roƙi mai kula da lasifikar zauren ya ajiye makirfo dab da ƙaramar sifikarmu don kowa ya ji. Na ga lokacin da ya ajiye. Amma na ce ai bunsuru za a zaga, kuma wa zai gane muryata?

Alƙalai uku ne. Shugabansu wani Alhaji ne da ya yi ritaya daga aikin gona, dogo, cikin farar babbar riga mai sitaci, da farin gemu mai tsini. (Allah ya yafe mini, na lura da gemun. Na lura kuma da wanda yake kama da shi. Na kawar da kai.) Suna gama teburin kusa da mu na danna, wayar ta farka.

"Assalamu alaikum, masu girma alƙalai," Balkisu ta fara, murya kamar mai karanta labarai. "A yau makarantarmu ta zo muku da..."

Alhaji ba ya jin ta. Idonsa na kan shinkafa. Na ga ya tattare hannun rigarsa ya ɗora a kafaɗa, na ga yatsunsa sun buɗe, kuma kafin ya motsa na san abin da zai yi. Duk wanda ya tashi cikin shinkafa ba ya iya wuce shanya bai duƙa ba. Sai ya ɗebi kaɗan, ya murza a tafin hannu, ya hure ɓawon, ya sa ƙwaya ɗaya a haƙori ya ji ko ta bushe. Na ga an yi haka a gidan Kaka ya fi a ƙirga: masu saye, maƙwabta, har mai kawo itace. Ni mai lura da tsagin kunnen bunsuru, wannan ne ban taɓa nuna wa wayata ba.

Ya duƙa, fari fat, kansa a kan shinkafa.

"KAI ƁARAWO! HITA! UBANKA YA NOMA TA? MAI GEMUN BANZA! KULLUM KAI NA, BA KA DA KUNYA!"

Lasifika huɗu ne a zauren, kowace kusurwa ɗaya. Duka huɗun suka faɗa.

Ban taɓa jin shiru irin wanda ya biyo baya ba. Har fankar sama na ji tana ƙiƙi-ƙiƙi. Alhaji ya miƙe a hankali, shinkafa a tafinsa. Balkisu ta tsaya baki buɗe a tsakiyar kalma, karo na farko tun da na san ta. Malama Rifkatu ta dafe kai da hannu biyu. A layin gaba na hango firinsifal, tabarau ya riga ya bar fuskarta. Ni kuma na kasa ko miƙa hannu in kashe wayar.

Shi kuwa bawan Allah, saboda tarbiyya, sai ya ga bai kamata ya riƙe shinkafar mutane ba bayan an yi masa magana. Ya sake duƙawa don ya mayar.

"KAI ƁARAWO! HITA! UBANKA YA NOMA TA?..."

Nan zauren ya fashe. 'Yan wata makarantar maza har da faɗuwa daga benci. Daga ƙofar gefe na ji Kaka ta rafka salati, ta ce da ƙarfi, "Ashe ita ta! Ashe mai kwaikwayona cikin ɗakina take kwana!" Balkisu ta juyo a hankali ta dube ni kamar yau ta fara ganina.

"Ke?" ta ce. "Wannan muryarki ce? Ke?"

Na roƙi ƙasa ta tsage. Simintin zauren kuwa mai kyau ne, ko alama bai yi ba.

Alhaji ya kakkaɓe hannunsa. Bai yi dariya ba, bai kuma ɗaure fuska ba, wanda ya fi komai ban tsoro. "Wa ya koya wa abin nan magana?"

"Ni ce, Baba."

"Ban ji ba, ɗiyata. Ɗazu kuwa na ji ki sarai."

Aka sake kwashewa da dariya. Na ɗaga murya kaɗan. Na ce ba shi take nufi ba, bunsuru take nufi. Na ce abu biyu kaɗai na nuna mata, shinkafa da bunsuru, da shinkafa ba kowa, don haka duk abin da ya duƙa a kai a wajenta bunsuru ne.

"To me ya hana ki nuna mata mutum?"

"Kunya na ji in ce wani ya tsaya mini."

"Kunya," ya maimaita, yana shafa gemun da aka gama zagi. Ya juya ga sauran alƙalan. "To, abu dai bai yi ba. Sai a mayar wa masu ilimin kwamfuta su gyara, wata shekara a dawo." Ɗaya daga cikinsu har ta fara rubutu.

Na kalli alƙalaminta yana tafiya, na ga sa'ar Alhamis tana tafiya tare da shi. Na ga wayoyin nan cikin sito, kusa da karyayyun kujeru. Sai idona ya faɗa kan kwalinmu. Na san in ni na gyara, za a ce ai 'yar kulob ce. Ban san lokacin da na ji bakina yana magana ba, kuma wannan karon ba daga sifika ba.

"Baba, ba sai an kai wa kowa ba. Kakata za ta gyara ta yanzu. Ba ta taɓa riƙe ta ba, kuma ba ta karatun boko."

Malama ta ɗago kai ta dube ni. Alƙaliyar ta dakata da rubutu. Alhaji ya ce, "To, Hajiya, bismillah."

Kaka ta miƙa wa wani malami igiyar bunsuru kamar dama yaronta ne, ta tako a hankali saboda gwiwa, tana gyara lulluɓi. "Mi za ni yi, 'yar boko?"

Na rage ƙarar sifika, na kawar da makirfo tukuna. (Na makara, amma na koyi wani abu.) Na nuna mata maɓallan. "Kaka, in mutum ne ya duƙa, ki danna farin nan. In bunsuru ne, koren."

"Shi ke nan? Wanga shi na karatun da kuka yi?" Ta juya ga shugaban alƙalai. "Alhaji, duƙa."

Ya duƙa.

"A'a, ba hakanan ba. Yadda kay yi ɗazu, da kwaɗayinka duka."

Ya tattare riga ya duƙa sosai, kafaɗunsa na rawa don dariya. Kaka ta danna. Na lura babban yatsanta ya yi kanta saboda zafin tukunya, wayar ba ta jin sa, na ce ta gwada da ɗan yatsan tsakiya. Ya kama. Daga nan ta karɓe zauren. Ta sa Alhaji ya duƙa ta dama, ya duƙa ta hagu. Ta kira alƙaliyar mai rubutu. Ta kira Balkisu da farin hijabinta, ta kira wani gajeren malami mai baƙar kwat. Ta hango firinsifal ta ce, "Ke mai gilashi, taho, ba a ƙi aikin makaranta." Na rantse da idona na ga firinsifal ɗinmu ta duƙa kan gumi tana jiran izinin Kaka ta tashi.

"To in mutum na, shiru za ta yi mashi?" in ji Kaka. "Baƙo shi zo kan shinkafata ba a gaishe shi ba?"

Malama ta matso da sauri ta ce ana iya ba farin ma nasa aikin. Na nuna wa Kaka inda ake naɗar murya. Ta gyara tsayuwa ta ce, "Maraba, sannu da zuwa. Ɗanɗana, amma kada ka cika hannu."

Aka mayar da makirfo. Alhaji ya duƙa. Sai muryar Kaka ta fito ta kusurwa huɗu, a tausashe: "Maraba, sannu da zuwa..." Aka fara tafi.

"Tsaya," in ji shi. "A kawo mai laifin."

Aka saki bunsuru. Ya shigo yana taƙama, ya nufi tamfol kai tsaye, ya tsoma baki.

"Maraba, sannu da zuwa. Ɗanɗana..."

Ya kuwa ɗanɗana. Zauren ya sake rushewa da dariya. Amma wannan karon kaina na aiki. Na ga abin da ya faru: mun cika ta da mutane cikin hasken fitilun zauren, bunsurun kuwa a ranar Argungu kaɗai ta san shi, kan babban tamfol. Duk abin da ta gani a nan ciki yanzu mutum ne a wajenta. Na faɗi haka da ƙarfi, ba tare da kowa ya ce in maimaita ba.

"To ai ga shi nan yana ci," in ji Kaka. "Wane na nashi? Koren?" Ta shiga danna masa kore tana zagayawa, shi yana ci hankali kwance, bai san shaida ake tarawa a kansa ba. Ta danna ya kai sau goma. Aka janye shi da ƙyar zuwa bakin ƙofa, aka sake saki.

Ya dawo da gudu. Bakinsa na taɓa shinkafa:

"KAI ƁARAWO! HITA!"

Bunsurun nan ya yi sama da ƙafa huɗu, ya juya a iska, ya bi ta ƙarƙashin teburin masu sabulu, ya fice ta babbar ƙofa yana jan igiya, malamin nan na biye da shi. Alhaji bai jira an ce masa ba, ya taka ya duƙa ya ɗebi shinkafa. "Maraba, sannu da zuwa." Ya murza, ya hure, ya sa ƙwaya ɗaya a haƙori. Muka ji ƙas.

"Ta bushe," ya ce. "Hajiya, gumin nan ya yi."

"Na sani," in ji Kaka.

Na biyu muka zo. Masu famfon hasken rana suka ɗauki na ɗaya, kuma sun cancanta, nasu bai zagi kowa ba. Da Alhaji zai miƙa mana garkuwa ya ce shekara da shekaru ana kawo wa manoma na'urori, in sun lalace sai a jira mai gyara daga nesa, yau ne ya ga wadda tsohuwa ta gyara da yatsa ɗaya. Sannan ya sunkuyo ya ce mini a hankali, "Ubana kuwa ya noma ta, ɗiyata. Shekara hamsin ya yi yana noman ta."

Ran Litinin firinsifal ta sa aka rataya garkuwar a ofishinta, ba ta kuma sake maganar sito ba. Malama Rifkatu ta kwashe makonni tana gyara manhajar. Ta sa maɓallan su riƙa jin yatsa mai kanta. Ta kuma ƙara wata tambaya da ke fitowa da murya kafin wayar ta yarda ta fara aiki: "Kin nuna mini abin da kike nufi. Yanzu nuna mini wanda ya yi kama da shi amma ba shi ba ne." Ta ce a cikin rahotonta za ta rubuta cewa wata ɗaliba ce ta gano wannan giɓi. Na roƙe ta kada ta rubuta yadda aka gano.

Sai dai labari ba ya bukatar rahoto. Har yau a ɗakin cin abinci, duk wadda ta miƙa hannu cikin kwanon wata, sai ka ji teburi guda ya ɗauka, "Ubanka ya noma ta?" Ƙananan 'yan aji ɗaya kuma in sun gan ni tafe sai su matsa gefe su ba ni hanya.

Abin da na koya dai shi ne, na'ura ba ta san kunya ba, kuma ba ta rufa wa mai ita asiri. Abin da kika nuna mata shi za ta riƙe, wanda kika ɓoye mata kuma shi za ta tona. Roƙon da na kasa yi wa mace ɗaya a tsakar gida, sai da na yi shi a gaban alƙalai uku da firinsifal da jama'ar gari. Don haka yanzu in ina da tambaya, ina daurewa in yi ta tun muna mu biyu. Da ƙaramar murya dai har yanzu, amma gara ita da lasifika.